Minti 15 Da Suka Rage: Ranar Da Aka Naɗi Little Richard

Akwai wani memori da muka taɓa saye wurin mai tura waƙoƙi a kasuwar Gwandu, irin wanda ake juye wa mutum duk abin da ke cikin kwamfutar shago a kan 'yan kuɗi kaɗan. Akwai wa'azi a ciki, akwai Narambaɗa da Ɗanƙwairo, akwai waƙoƙin finafinan Indiya, duk a cakuɗe, mafi yawansu babu suna sai lamba. Da yake sana'armu rubuta manhaja ce, kuma ba ma iya ganin fayiloli a hargitse mu kau da kai, sai muka zauna wani ƙarshen mako muna jera su. A nan muka ci karo da wata waƙar Turanci da ba ta kai minti biyu da rabi ba. Muryar mutum ɗaya ce take buɗe ta, babu kiɗa, yana furta wasu gaɓoɓi marasa ma'ana kamar mai kwaikwayon ganga da baki, sannan kayan kiɗa su rufto gaba ɗaya. Yadda ta shigo shagon mutumin Gwandu, Allah kaɗai ya sani. Sunanta "Tutti Frutti", mai ita kuma Little Richard.

Muka bi sawunta. An naɗe ta ranar 14 ga Satumba 1955 a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, lokacin Sarkin Gwandu Haruna bai daɗe da hawa karaga ba, Nijeriya kuma saura shekara biyar ta sami 'yancin kai. An san ɗakin da aka yi aikin, an san wanda ya buga ganga, an san wadda ta gyara baitocin. An kuma san cewa saura ƙiris mawaƙin ya tattara nasa ya nasa ya koma gida ba tare da ya rera ta ba, domin a ganinsa ba irin waƙar da ake sa wa a faifai ba ce.

Asalin sunansa Richard Wayne Penniman. An haife shi ranar 5 ga Disamba 1932 a garin Macon na jihar Jojiya, shi ne na uku cikin 'ya'ya 12. Mahaifinsa magini ne kuma dattijon coci, amma yana sayar da giya a ɓoye, yana kuma da gidan rawa. A coci yaron ya koyi buɗe murya, kuma wannan ihun mai tsini da aka san shi da shi daga baya, shi da kansa ya ce wurin Marion Williams ya ɗauko, wata mawaƙiyar coci. Tun yana matashi ya bar gida ya bi ayarin masu wasa da masu tallan magani, daga wannan gari zuwa wancan, yana waƙa a gidajen rawar baƙaƙen fata. A lokacin doka ce ta raba baƙi da fari a kudancin Amurka, a makaranta, a mota, a gidan abinci, har a wurin shan ruwa.

Ba New Orleans ne farkon shigarsa situdiyo ba. Kamfanin RCA Victor ya naɗe shi a 1951 da 1952, kamfanin Peacock na birnin Houston ya sake gwada shi a 1953. Waƙoƙin suna nan har yau ga mai son saurare, kuma mun saurari wasunsu. Ba su da wani aibi, sai dai ba za ka ji Little Richard a cikinsu ba. Yaro ne mai murya yana kwaikwayon manyansa, musamman Billy Wright, yana rera waƙoƙin buluz masu tafiyar hawainiya yadda ya ji ana yi a faifai. Babu ko ɗaya da ta yi kasuwar a zo a gani. Ana cikin haka aka harbe mahaifinsa a 1952, nauyin gida ya dawo kansa, ya kama aikin wanke kwanuka a tashar motocin Greyhound ta Macon.

A watan Fabrairu 1955, bisa shawarar mawaƙi Lloyd Price, ya naɗi waƙoƙi biyu a wani gidan rediyo na garinsu ya aika wa kamfanin Specialty a Los Angeles. Mai kamfanin, Art Rupe, farar fata ne da ya gina kasuwancinsa a kan waƙoƙin baƙaƙen fata, na coci da na rawa. A daidai lokacin Ray Charles yana tashe a kamfanin Atlantic, Rupe kuma yana neman wanda zai kara da shi. Tef ɗin ya yi watanni a ajiye, Richard yana ta damun su da waya. Daga ƙarshe Rupe ya ranta masa dala 600 ya fanshi kansa daga hannun Peacock, ya tura furodusansa, Robert Blackwell wanda ake kira Bumps, ya je New Orleans ya naɗe shi.

Situdiyon da suka shiga sunansa J&M, mai shi Cosimo Matassa. A bayan wani shagon sayar da faifai da kayan lantarki yake, a kan titin Rampart, kuma girmansa bai wuce ƙafa 15 a 16 ba. Wato ɗaki ne irin wanda gwauro zai kama haya a Kalgo ya sa katifa da buta. A wannan ɗan ɗakin aka naɗi Fats Domino tun 1949, kuma a cikinsa ake cusa fiyano, da ganguna, da masu busa, da mawaƙi.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan na'urar, domin mu 'yan zamanin kwamfuta muna saurin mantawa. Yau yaro a Birnin Kebbi zai buɗe manhaja a laftof, ya sa ganga a layinta, murya a layinta, ya yanke numfashin da bai yi masa ba, ya ɗaga muryar da ta kauce, in ya yi kuskure ya danna madannin komawa baya. Matassa layi ɗaya gare shi. Makirufo ƙalilan ne, duk abin da suka ji yana haɗuwa ya shiga tef a dunƙule, kamar fura da nono bayan an dama. In ganga ta danne murya, magani shi ne a matsar da mai ganga ko a juya makirufo a sake daga farko. In mai busa ya kuskure a daƙiƙar ƙarshe, kowa ya koma baya. Ga shi kuma lokaci kuɗi ne, ana biyan ɗakin da awa, ana biyan makaɗa da zama, in an zarce a ƙara biya.

Makaɗan da Blackwell ya tara su ne gwanayen garin: Earl Palmer a ganga, Lee Allen da Alvin Tyler a saksafon, Frank Fields a bas, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya da ake tsayarwa a ƙasa, Justin Adams a jita, Huey Smith a fiyano. Richard ya iso da gashi a tsaye bisa kai, ga riga mai ɗaukar ido, duk wanda ya gan shi zai ce yau za a yi ɓarin waƙa. Da aka kunna na'ura sai ya zama salihi. Ranar 13 ga wata da safiyar 14 suka shuɗe yana rera waƙoƙin nan masu sanyi, yana taka-tsantsan, kamar ɗalibi a gaban malami. Blackwell ya faɗa daga baya cewa hankalinsa ya tashi, domin ya kashe kuɗin maigidansa kuma ba shi da abin da zai kai masa.

Sai aka tafi hutun cin abinci a Dew Drop Inn, wani gidan abinci da rawa da mawaƙa baƙaƙen fata ke taruwa. Akwai fiyano a wurin, akwai kuma 'yan kallo ko da ba su da yawa, Richard kuwa mutum ne da ba ya ganin idon jama'a ya zauna lafiya. Ya haye fiyanon ya dinga dukan sa kamar ya yi masa laifi, ya saki wata waƙa da ya daɗe yana rerawa a gidajen rawa in dare ya raba. Blackwell na jin ta ya san ga abin da ya zo nema. Matsalar ɗaya ce, baitocin batsa ne tsagwaronta, babu gidan rediyon da zai taɓa su.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗi yana da waƙar da yake yi a ƙofar fada, yana da wadda yake yi a dandali bayan dattawa sun tashi, kuma ya san bambancinsu ba sai an gaya masa ba. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan gambara a kasuwa ya san irin ƙarfin da ke cikin waƙar da ba ta jin kunya, ya kuma san ba zai rera ta a gaban surukinsa ba. Richard ya ɗauki situdiyo a matsayin fada. Shekara huɗu yana shiga yana cire takalmi yana durƙusawa, gwanintarsa kuwa tana can dandali.

Akwai wata matashiya mai suna Dorothy LaBostrie da ke zuwa situdiyon da baitocinta tana neman mai rera su, har ma ɗaya daga cikin waƙoƙin da Richard ya naɗa a wannan zama nata ne. Blackwell ya kira ta ya ce ta saurari waƙar ta sa mata kalmomi masu tsabta. Kamar yadda ya ba da labari, mutumin da ya gama girgiza gidan abinci sai kunya ta kama shi, ya ce ba zai iya furta waɗannan kalmomi a gaban mace ba, ita ma ta ce ba ta son ji. Sai da Blackwell ya lallashe su, ya sa Richard ya juya ya fuskanci bango, ya rera ta sau biyu ko uku yana ba ta baya. Ta koma gefe da takarda, su kuma suka ci gaba da sauran aiki. Ta kawo baitocin saura minti 15 lokacinsu ya ƙare.

Babu sararin koya wa Huey Smith kiɗan, don haka aka bar Richard a kan fiyano, aka matso masa da makirufo. Sau uku suka yi ta, aka tashi.

Wannan gaggawar ta bar wata alama a cikin faifan da duk mai kunne zai iya ji, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Kiɗan rawar baƙaƙen Amurka na lokacin yana raba kowane bugu gida biyu da ba su yi daidai ba, na farko dogo na biyu gajere, sai kiɗan ya riƙa tafiya da rangaji kamar mai ɗan ɗingishi. Haka Earl Palmer ya saba, haka kuma ya buga a "Tutti Frutti". Hannun daman Richard kuwa ba ya rangaji. Bugu takwas yake yi daidai wa daida, a jere, kamar mata biyu suna luguden daka. Saboda haka a cikin waƙa ɗaya mai ganga yana tafiya iri ɗaya, mai fiyano yana tafiya wani iri, suna gogar juna tun daga farko har ƙarshe. A wurin aikinmu da mun kira wannan kuskure, mun rubuta shi cikin jerin abubuwan gyara. Manhajar kiɗa ta yau da dannawa ɗaya za ta jera su a kan layi, ta kashe abin da ke sa waƙar tafasa.

Palmer da kansa ya ce daga baya da ya sani da ya bi hannun Richard tun ranar. A zaman da suka biyo baya cikin 1956 haka ya yi, ya miƙe bugunsa ya daidaita shi da fiyano, yana sauke duka mai nauyi a bugu na biyu da na huɗu. Wanda ya saurari "Lucille" bayan "Tutti Frutti" zai ji ɗingishin ya tafi. Wannan miƙaƙƙen bugu shi ne ya zama ƙashin bayan kiɗan rok-an-rol. Masana suna ta jayayya a kan wace ce waƙar rok-an-rol ta farko, ga Fats Domino, ga Chuck Berry, ga Elvis Presley da ya yi nasa zaman a Memphis a 1954, kuma ba mu da niyyar raba musu gardama. Abin da muke iya cewa shi ne a faifan 14 ga Satumba ana jin tsohon kiɗa da sabo a ɗaki ɗaya, kafin ɗaya ya kori ɗaya.

Mafi yawan wannan labari daga bakin Blackwell da Richard ya fito, a littafin tarihin rayuwar Richard da Charles White ya wallafa a 1984, kusan shekara 30 bayan faruwar abin. LaBostrie ba ta yarda da shi ba. Ita cewa ta yi babu wata waƙar batsa da aka rera mata, ita ta tsara waƙar daga kanta, sunan ma daga wani nau'in askirim ta samo shi. Mun fi karkata ga maganar Blackwell, saboda mutanen da suka yi yawo da Richard kafin 1955 sun shaida yana rera ta a gidajen rawa. Amma ba ma ganin laifinta da ta ƙi yarda a mai da ita mai wanki kawai. Kalmomin da duniya ta haddace nata ne, kuma ba don su ba da waƙar ta tsaya a Dew Drop Inn. A takardar mallaka sunanta yana nan tare da nasa.

Faifan ya fito kafin ƙarshen shekarar. Ya kai matsayi na 2 a jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙin baƙaƙen fata, ya kai na 17 a na gama-gari. Nan da nan wani mawaƙi farar fata mai sanyin murya, Pat Boone, ya sake rera ta a ladabce, tasa ta kai na 12, domin gidajen rediyon fararen fata da yawa sun fi sakin jiki da ita. Elvis ma ya sa ta a kundinsa na farko a 1956. Richard ya sha faɗa cewa yaran fararen fata suna ajiye faifan Boone a kan tebur don iyaye su gani, nasa kuma a cikin durowa. Da suka koma J&M a Fabrairu 1956 don naɗar "Long Tall Sally", Blackwell ya ce da gangan suka ƙara mata gudu don harshen Boone ya kasa bi. Ta kai na 1 a jadawalin baƙaƙe, na 6 a na gama-gari. Boone bai fasa ba, ita ma ya rera ta.

Sai maganar kuɗi. Yarjejeniyar da Richard ya sa wa hannu ta ba shi rabin senti a kan kowane faifai da aka sayar. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta: faifai miliyan ɗaya, dala 5,000. Haƙƙin mallakar waƙar kuma ya sayar wa kamfanin ɗab'i na Rupe a kan dala 50, wanda ke nufin duk wanda ya sake rera ta, har da Boone da Elvis, babban rabon yana tafiya can. Babu wanda ya ɗora masa wuƙa a wuya, gaskiya ne, amma mai wanke kwanuka da ke ciyar da uwa da ƙanne ba ya tsayawa ciniki. A 1959 ya karɓi dala 11,000 ya yafe sauran haƙƙinsa. A 1984 ya dawo ya kai ƙara yana neman dala miliyan 112, aka sasanta a wajen kotu. A tsakanin nan waƙoƙin sun koma hannun kamfanin ATV, wanda Michael Jackson ya saya a 1985.

Muna karanta wannan muna jinjina kai, sai muka tuna daga ina muka samo waƙar. Makaɗanmu na dauri ba da cinikin faifai suka rayu ba. Ubangida ne ke ba da doki da riga da hatsi, daga baya mota da kujerar Makka, faifai da rediyo kuwa suna kai sunan makaɗi inda ƙafarsa ba ta je ba. Iyayen gidan sun shuɗe, makaɗan sun shuɗe, muryoyin suna nan suna yawo daga waya zuwa waya. Kuɗin da muka biya a kasuwar Gwandu a aljihun mai shago suka tsaya, ko sisi bai kai Isa wurin iyalan Narambaɗa ba, fayil ɗin ma bai ɗauki sunan ɗan amshi ko ɗaya ba. Rupe dai ya biya rabin senti. Ba mu da bakin zagin sa sosai.

Tashen Richard na farko shekara biyu kawai ya yi. A Oktoba 1957 yana rangadi a Ostareliya, ya ga wani haske ya keta sama a daidai kwanakin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, ya ɗauka gargaɗi ne daga Ubangiji. Ya cire zobensa mai tsada ya jefa a ruwa, ya katse rangadin, ya koma gida ya shiga kwalejin Oakwood a jihar Alabama don karatun addinin Kirista. Turawa da yawa sun ɗauki abin a matsayin taɓin hankali. Mu da muka tashi a garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, inda ba a rasa gidan da aka taɓa muhawara a kan kiɗa da matsayinsa, ba mu ga abin mamaki ba don mawaƙi ya wayi gari yana tsoron sana'arsa. Waƙar da ta ɗaukaka shi, ya san da waɗanne kalmomi ta fara.

Ya dawo fage a 1962, ya yi rangadi a Ingila da Jamus, inda wasu samari huɗu daga Liverpool da ake kira Beatles suka riƙa share masa fage. Jimi Hendrix ya yi masa kiɗan jita a 1965. Haka ya ƙare rayuwarsa yana kai da komo tsakanin mumbarin coci da dandalin rawa. Yana cikin rukunin farko da aka karrama a zauren tarihin rok-an-rol a 1986. Ya rasu ranar 9 ga Mayu 2020 yana da shekara 87, aka binne shi a maƙabartar Oakwood. Art Rupe ya biyo bayansa a 2022 yana da shekara 104. Matassa kuwa bai daɗe ba ya tashi daga titin Rampart zuwa wuri mafi girma, ginin kuma daga baya aka zuba masa injuna ya zama gidan wankin tufafi.